Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye: Kai Yara Ƙaraye Da Rogo

  

Kwanakin baya babbar 'yata ta zo min da waya a hannu tana nuna min wata hanyar mota a ƙasar Turawa, hanya ta nannaɗe dutse kamar rawani, ga kwari mai zurfi a ƙasa, ga ruwa yana gudu a cikinsa. Sai ta ce, "Umma, mu kam Allah bai ba mu irin wannan ba." Na yi dariya a lokacin, amma da na kwanta maganar ta dawo min. Yarinyar nan ta shekara goma sha biyu a duniya, babban ruwan da ta sani shi ne wanda ake hangowa daga kan gadar Tamburawa in za mu Zariya. Kakannin mahaifinta kuwa mutanen ƙasar Rogo ne, rabonta da can tun tana goye. Na san ba ni kaɗai ba ce a cikin wannan hali. Da yawa daga cikinmu mun bar yaranmu sun san ƙasar wasu a waya, ba su san hanyar garin kakanninsu ba.

Ba zan yaudare ki ba, uwargida. Wadda take son ganin manyan duwatsu masu taɓa gajimare sai ta nufi Jos ko tsaunin Mambila a jihar Taraba, a jiharmu kuma sai can Riruwai ta ƙasar Doguwa. Yammacin Kano ba haka yake ba. Abin da yake da shi shi ne ƙasa mai hawa da gangara, da fako da fadama, da kwazazzabai waɗanda ruwan damina ya zaizaye, da curin duwatsu nan da can a tsakiyar gonaki, sannan ga uwa uba madatsar ruwa ta Chalawa a ƙasar Ƙaraye. Ga yaron da ya tashi tsakanin katangar gida da ta makaranta, wannan ba ƙaramin abin kallo ba ne. Kuma tafiya ce da iyali za su iya yi a cikin Asabar da Lahadi ba tare da an ci bashi ba. Sai dai daɗinta ko wahalarta tun daga gida ake yanke shi, kuma mafi yawan wannan shiri a hannunki yake, ko da kuwa maigida ne zai riƙe sitiyari.

Na faɗi haka ne domin na ɗanɗana. Zuwanmu na farko da yara, mun yi da maigida za mu tashi ƙarfe bakwai na safe. Bakwai ta yi ina tsaye a kan shinkafa, takwas ta yi ana neman takalmin auta, tara ta yi wata maƙwabciya ta shigo da saƙon da za a kai wa 'yar uwarta, ba mu bar gida ba sai da rana ta take. A hanya taya ta yi faci, aka buɗe but aka fito da safayar, ashe ita ma babu iska. Muka zauna a gindin wata bishiya fiye da awa biyu, yara na kuka, ni ina jin haushin maigida, shi yana jin nawa, alhali laifin namu ne mu biyu. Ba mu ga madatsar ruwa ba ranar, muka shiga ƙauye da duhu, tsofaffi sun tsaya a ƙofar gida hankalinsu a tashe. Tun daga ranar na daina cewa "gobe da safe ma haɗa kaya."

Abu na farko da za ki zauna da maigida a kansa shi ne lokacin shekara. Dogon hutun makaranta yakan faɗo a Agusta, wato tsakiyar marka, lokacin da ƙasa ta fi kyau amma hanya ta fi haɗari. Ƙananan hanyoyin ƙauye sukan jiƙe su yi santsi, rafin da kika tsallaka da safe babu komai a cikinsa kina iya dawowa da yamma ki tarar ya kawo, ya shafe kwalbati. In har kun iske ruwa yana gudu a kan hanya, don Allah ki roƙi maigida ya tsaya. Maza suna da wani hali na ganin in wani direba ya wuce su ma dole su wuce, to ki lallashe shi da magana mai daɗi, domin ruwa mai gudu ba ya buƙatar ya yi zurfi sosai kafin ya ɗauki ƙaramar mota. Hutun Disamba kuma lokacin hazo ne, za ku je bakin ruwa ku kasa hango ɗaya gaɓar, ga sanyi da mura ga ƙananan yara. Maris da Afrilu kuwa kin san zafinsu. A ganina babu kamar Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya ɗauke, madatsa a cike take, ciyawa ba ta gama bushewa ba, ga kaka ta yi, ko'ina kika duba dawa ce ta sunkuyar da kai, ana ta ɗaurin damma. Yaro zai ga inda tuwon da yake ci ya fito.

Hanyar da aka fi bi daga birni ita ce ta Gwarzo. Za ku fita ta Kabuga, ku wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ku wuce Janguza da Rimin Gado har Gwarzo, daga nan a karya kudu zuwa Ƙaraye. Rogo kuma tana gaba da Ƙaraye ta kudu maso yamma, a kusurwar da Kano ta haɗa iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. Daga birni zuwa madatsar Chalawa wajen kilomita 90 ne, Rogo kuwa ta haura 100. Kada ki lissafa lokaci da irin gudun direban haya. Mai tafiya da yara sai ya tsaya fitsari, ya tsaya amai, ya tsaya don wani ya ga raƙumi, saboda haka duk abin da aka ce miki awa biyu ne ki ɗauke shi uku. Ki sa maigida ya kira wani ɗan uwa na can, ko ya tambayi direbobin tasha, halin da hanya take ciki a wannan satin, da kuma ranar da kasuwannin kan hanya suke ci, don ranar kasuwa mota tafiyar hawainiya take yi a tsakiyar gari. Haka kuma sansanin horar da 'yan hidimar ƙasa na jihar Kano yana Ƙaraye, kusa da madatsar Kusalla, ranar buɗe shi da ranar rufe shi motoci sukan yi yawa a hanyar.

Akwai tambayar da ba a so a yi amma dole a yi ta, wato ta tsaro. A shekarar 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke bakin iyaka da Katsina, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ba na faɗi haka don in tsorata ki ba, mutane suna zuwa Ƙaraye da Rogo suna dawowa kullum. Amma mutanen gari su suka san wace hanya ce ake bi, wacce aka daina bi, da kuma ƙarfe nawa ake daina bin ta. In dattijon can ya ce ku ɗaga tafiyar, ku ɗaga, babu gardama. Dokar da na kafa wa kaina ita ce: a tashi bayan sallar asuba da gari ya waye, duk inda la'asar sakaliya ta same mu kuma a nan za mu kwana. Ba a ratse daji don yanke hanya, ba a kuma shelanta ranar tafiya a dandalin sada zumunta. Hoto ya jira sai kun dawo gida.

Maganar mota ta maigida ce, amma tuni naki ne. Kwana biyu kafin tafiya, ba ranar ba, a kai ta wurin bakanike ya duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto da fitilu. A fito da safayar taya a gwada iskarta, a tabbata jak da wil sifana suna ciki. Ga wani abu da na koya wanda ke ma za ki iya dubawa da kanki in kin fito shanya: a gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 3521, an yi tayar a sati na 35 na shekarar 2021 ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗin cewa taya ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, ta tsufa, ko da zanenta bai goge ba. Yawancinmu kuwa taya 'yar gwanjo muke saye, wadda ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 80 a awa a irin waɗannan hanyoyi, 50 a cikin gari. Ki ajiye lambar 122 a wayarki, ta hukumar ce don kiran gaggawa, da 112. Shi kuwa mai, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama shi ne babban kuɗin tafiya. A cika tanki tun daga birni, a kuma ware kuɗin dawowa daban a ba ki ajiya, don kada a rabar da shi wurin gaishe-gaishe. Ki riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin ba ko'ina sabis yake ba, mai kifi a bakin ruwa kuma ba lallai ya karɓi taransifa ba.

Yaro ƙasa da shekara goma sha biyu wurinsa kujerar baya, da bel a jikinsa. Na san al'adarmu ce uwa ta zauna gaba da jariri a cinya, ni ma na yi, amma in aka taka birki da ƙarfi babu hannun uwar da zai iya riƙe shi, komai sonta da shi. Ki koma baya ki zauna da su, in da hali a samo kujerar jarirai. Mai ciki ta ɗaura bel ta ƙarƙashin cikin, a kan ƙugu, ba a tsakiyarsa ba. A danna makullin nan na ƙofar baya da ke hana yaro buɗewa ta ciki. Kuma ko minti biyar ne za ku shiga gaisuwa, kada a bar yaro yana barci a mota a rufe, domin mota a rana tanda ce. In iyalin sun fi ƙarfin mota ɗaya, a raba tafiyar biyu ko a ɗauki shata, ya fi a ɗora wani kan wani.

To, yanzu mu zo ga madatsar kanta. An gina ta ne tsakanin 1990 da 1992 a kan kogin Chalawa, a daidai inda kogin ya matse tsakanin tuddai, shi ya sa ma za ki ji ma'aikata suna cewa "Chalawa Goj", kalmar ta ƙarshe tana nufin matsattsen kwari. Tsayin bangon ya kai mita 42, tsawonsa kuma ya kusa kilomita takwas, ruwan da take iya riƙewa ya haura kubik mita miliyan 900. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da ita. Waɗannan lambobi ba za su yi wa yaro amfani ba sai kin mayar masa da su abin da ya sani. Ki ce masa bangon nan ya fi bene mai hawa goma tsayi. Ki ce masa ruwan nan da ake saki shi ne yake gangarawa ta Fanshekara, inda ake tace wani daga cikinsa a tura famfunan birni, ya haɗu da kogin Kano wanda aka datse a Tiga tun 1974, su zama kogin Haɗeja, su nufi fadamun Nguru har su kai ga tafkin Chadi. Manyan yara kuma kina iya gaya musu ɗaya gefen labarin: akwai ƙauyukan da aka tasa kafin ruwa ya cika wurin, akwai kuma manoma da masunta a can ƙasar Haɗeja da Nguru waɗanda ambaliyar da suka saba noma da ita ta canja bayan an datse kogunan biyu. Wurin na hukuma ne, saboda haka maigida ya fara zuwa ya yi sallama da masu gadi ya nemi izini, su nuna muku inda ake tsayawa da inda ba a zuwa.

A nan ne nake so ki ba ni hankalinki sosai, domin abin da ya kawo ku kallo shi ne kuma abin da ya fi komai haɗari a tafiyar. Yaron birni bai san ruwa ba. Yana ganin yaran ƙauye suna tsalle suna faɗawa sai ya ɗauka shi ma zai iya, bai san su a ciki suka tashi ba, sun san inda ƙasa take da inda rami yake. Bakin madatsa laka ce mai santsi, taku biyu ruwa yana gwiwa, na uku ya shanye mutum. Kuma yaron da ruwa yake ci ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, shiru yake nutsewa, a lokacin da ke kina zuba abinci, maigida yana amsa waya, kowa yana zaton ɗayan ne yake kallo. Don haka tun a mota a raba yara da suna: wane da wance naki ne, wane na babansu ne. Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma tsaron ƙaninta a bakin ruwa, nauyin ya fi ƙarfinta, in wani abu ya faru kuma da shi za ta rayu.

Za a yi muku tayin kwalekwale, yara kuma za su nace. Ni dai ba na yarda sai da rigar kariya ta ruwa ga kowa, kuma ba a cika jirgin ba. Ba mu manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Ɓagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya kife da mutanen da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka rasa rayuka sama da ashirin, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Lodi fiye da ƙima ne aka ce ya jawo. Kukan yaro na rabin awa don an hana shi hawa jirgi abu ne mai sauƙi.

Ko tsoma ƙafa ma ban ba ki shawara ba, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke cikin ciyawar bakin ruwa mai kwanciya, ta fito tana yawo a ruwan, ido ba ya ganinta, ta huda fatar mutum ta shiga ko da bai sha ba. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari, lokacin an manta ma da an je wani wuri. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji a matsayin alamar girma, wallahi ba haka ba ne, ciwo ne, in aka bar shi yana lalata mafitsara, ga 'ya mace kuma yana iya taɓa mahaifa da hanyar haihuwa. Yana da magani a asibiti, Praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin yaro. In har wani ya faki idonki ya shiga ruwan, ki riƙe ranar a ranki, ki gaya wa likita in wata alama ta ɓullo. Alwala ma ku yi da ruwan jarkarku.

Abin da za ki more a bakin ruwan shi ne kifi. Masunta sukan fito da tarwaɗa da ƙarfasa, ki ɗaga murfin kunnensa ki ga cikin ja wur, ido garau, tsoka in kin danna ta dawo. In gaba za ku yi zuwa Rogo ki saya don gidan da za ku sauka, in gida za ku dawo sai da kula da ƙanƙara, ko ki sayi banda.

Sai salla, wadda ita ce ta kamata ta tsara muku zango, ba yunwa ba. Mun karanta a Risala cewa tafiyar da ake ƙasaru a cikinta ita ce ta mil 48, wadda malamai suke ƙiyastawa da wajen kilomita 80. Rogo daga birni ta wuce haka. Ƙaraye kuwa a kan gaɓa take, ya danganta da unguwar da kuka taso da hanyar da kuka bi. Azahar da la'asar da lisha su ake mayarwa raka'a biyu, ban da magariba da asuba, ana farawa bayan an bar gidajen gari, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya sauka sai ya cika. Abu biyu ne nake so ki sa maigida ya tambayi malam kafin ku tashi. Na ɗaya, in yana da gida ko wata matar a garin, hukuncinsa yana iya bambanta da naki. Na biyu, malaman mazhabarmu sun bambance tafiyar da wasa zalla ya fitar da mutum da wadda aka yi don wata manufa. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake ganin a gina tafiyar a kan zumunci, kallon ruwa da tudu ya zama ratse ne a hanya. Ki koya wa yara addu'ar hawa abin hawa tun a gida, asalinta yana cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, a bar ƙaraminsu ya ja a amsa. Buta biyu, sallaya, da babban hijabi a ajiye su a sama, ba a ƙasan kaya ba.

Guzuri kuwa a yi shi tun daren jiya, kuma a zaɓi wanda rana ba ta lalata shi da wuri: dambun nama, soyayyar kaza, gurasa da ƙuli, cincin, dabino, dafaffen ƙwai da ɓawonsa. Kunun aya da salak da duk abin da aka sa wa madara a bar su a gida, kafin azahar sun juya. Yaron da mota take juya wa ciki kada a cika masa ciki da maiƙo da safe, a karɓe wayar daga hannunsa, a sa shi ya riƙa kallon gaba, a ɗan sauke gilashi, leda da tsumma suna kusa. A jakarki a samu maganin zazzaɓi na yara, filasta, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti wanda ake kaɗawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta in gudawa ta kama yaro. In za a kwana, gidan sauro ya fi kayan kwalliya muhimmanci, musamman a kaka. Fo ɗin auta ma kada a manta shi, wadda ta taɓa mantawa ta san dalili.

Daga Ƙaraye zuwa Rogo, nan ne ni na fi jin daɗin hanyar. Ƙasar tana ƙara duhun itatuwa yayin da ake yin kudu, ɗorawa da kaɗanya da kuka da mangwaro, a gangara fadama a ga rake tsaye kore shar, a hau tudu a ga masara da dawa. Daga nan har Maƙarfi ta jihar Kaduna ƙasar rake ce da mazarƙwaila. In kun ci sa'a kuka tarar ana matse rake ana dafawa, ku tsaya ku yi sallama ku nemi izini yara su kalla, su ga yadda ruwan rake yake daskarewa ya zama abin da suke saye a kanti. Amma ki ja musu kunne: ba a shiga gonar mutum, ba a karyar masa kara ko ɗaya, ba a kuma ɗaukar matan ƙauye hoto a bakin rijiya kamar wasu abin kallo. Ke za ki so baƙo ya ɗauke ki kina wanke-wanke? Manyan yara kina iya gaya musu cewa Ƙaraye tsohon gari ne mai sarauta, an ɗaga ta zuwa masarauta a 2019, aka rushe a 2024, aka sake kafa ta a shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta.

Gidan da za ku sauka a sanar da su da wuri, a kuma gaya musu ku nawa ne. Mutanen karkara ba za su taɓa ce miki babu ba, sai dai su yanka kazar da suke tanadi su ci bashin shinkafa. Saboda haka tsarabarki ta zama mai rage musu nauyi: shinkafa, mai, sukari, ganyen shayi, sabulu, goro da turare na tsofaffi, turmin atamfa na gwaggo in da hali. Ki miƙa wa uwar gidan a ɗaki, ba a tsakar gida gaban kowa ba. Kafin ku iso ki yi wa yaranki huɗuba a mota: a durƙusa a gai da manya, a ci abin da aka kawo ko da loma uku ce, ba a toshe hanci a bakin masai, ba a cewa "mu a gidanmu". Kalma ɗaya ta yaro tana iya ɓata zumuncin shekara ashirin, kuma ba yaron za a zarga ba, ke za a ce kin koya masa. Ke ma ki cire mayafi ki shiga madafa ki kama aiki, ko tsinken kuka ne ki tsince. Da daddare kuma ki bar su su zauna gaban kaka ta ba su labarin wane ya haifi wane, ki sa babbar ta rubuta a littafi, domin tsofaffin nan tafiya suke yi da abin da suka sani.

Ga 'yan uwana da suke da abokiyar zama, kada tafiyar kwana biyu ta jawo gabar wata biyu. In mota ba za ta ɗauke ku duka ba, sunna ta riga ta yi mana maganin abin: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Wadda ƙuri'a ta faɗo wa ta tafi da yaran ɗakin 'yar uwarta tare da nata, kakannin ai ɗaya ne, ta kuma raba tsaraba daidai in an dawo.

Ki bar wuri a but tun daga gida, don ba za a sallame ku hannu rabbana ba: masara, gyaɗa, daddawa, busasshiyar kuɓewa, ɗaurin rake, wataƙila har da zakara ɗaure da ƙafa, wanda sai an san inda za a sa shi ya sha iska. Ranar Lahadi a yi sallama da wuri, don sallamar ƙauye ita kaɗai tana cin awa guda, gida gida ake bi. Ku yi azahar a can ku kamo hanya, magariba ta same ku a Kabuga. Da kun shiga gida a kira tsofaffi a ce an sauka lafiya, suna nan zaune da waya a hannu suna jira.

Mu da yara mun sa namu a Oktoba mai zuwa in Allah ya kai mu, 'yar tawa har ta sayi littafin da za ta rubuta sunayen kakanni. Sai wata na gaba, wassalam.